Yadda ake haɗa JConsole da Tomcat ɗin da ke kan uwar garke mai nisa

Manhajoji da yawa da ake dogaro da su a ma'aikatu an rubuta su ne da Java, kuma a kan Tomcat, manhajar da ke gudanar da su a uwar garke (server), suke zaune. DHIS2, wadda Jami'ar Oslo ke kula da ita kuma ake tattara bayanan kiwon lafiya da ita a Najeriya da ƙasashe da dama, tana cikinsu. Haka ma OpenMRS ta asibitoci. Ranar da irin wannan manhaja ta fara jan ƙafa, mai kula da ita zai shiga uwar garke ya buga `top`, ya tarar da layi ɗaya mai suna java ya cinye komai. Iyakar abin da `top` zai iya faɗa ke nan. Ko rumbun ajiyar Java ne ya cika, ko zaruruwan aiki ne suka tsaya jiran ma'ajiyar bayanai, ko wasu biyu ne suka sarƙe kowanne na jiran ɗan'uwansa, sai an leƙa cikin injin Java kafin a sani.

Hanyar leƙawar ita ce JMX, tsarin da Java ke bayyana halin da yake ciki ta hanyarsa. Tun J2SE 5.0 na shekarar 2004 take cikin Java, tare da JConsole, manhajar da ke zana abin da JMX ke faɗa. Ba sai ka girka komai a uwar garke ba. Babban aikin bai wuce layuka takwas a fayil ɗaya ba, amma mutane kan kwana a kansa, kuma kusan kullum dalili ɗaya ne. Da shi za mu fara, domin wanda ya gane shi zai iya warware sauran da kansa.

Sallama biyu ake yi, ba ɗaya ba

JMX na nesa yana tafiya ne a kan RMI, tsarin da manhajojin Java ke magana da juna ta hanyar sadarwa, kuma RMI ba ya haɗa ka da abin da kake nema kai tsaye. JConsole zai fara zuwa ƙofar (port) da ka ba shi lambarta, a ce 9010. Abin da ke bayan wannan ƙofa rajista ce kawai. Ita za ta miƙo masa ɗan bayani mai ɗauke da adireshi da lambar ƙofa ta biyu, ta ce can ne ainihin wurin. Sai JConsole ya sake buɗe wata sabuwar hanya zuwa adireshin da aka ba shi.

Kamar ka yi sallama a zauren wani gida ne kana neman mutum, yaro ya fito ya ce maka, ai yana gidanmu. Kai kuma ka ɗauki kalmar yadda ta zo, ka juya ka nufi gidanku. Abin da ke faruwa ke nan idan uwar garke ta rubuta 127.0.1.1 a cikin bayanin. A wurinta adireshin daidai ne, kanta take nufi. A wurin laftof ɗinka kuwa, laftof ɗin yake nufi, inda babu Tomcat ko ɗaya. Debian da Ubuntu suna ɗaure sunan inji da 127.0.1.1 a `/etc/hosts` tun wajen girkawa, shi ya sa matsalar ta yi yawa a kansu. Injinan haya irin na AWS su kuma sukan rubuta adireshinsu na cikin gida, mai farawa da 10 ko 172, wanda ba a iya kaiwa gare shi daga waje.

Lambar ƙofa ta biyu ma tana da nata halin. Idan ba ka ƙayyade ta ba, Java zai zaɓi kowace ƙofa ya ga dama duk lokacin da aka tayar da shi. Ka buɗe 9010 a katangar tsaro (firewall), ka gwada da `nc` ka ga ta amsa, amma JConsole ya yi ta juyawa har ya gaji, saboda sallama ta biyu ta tafi ƙofar da katanga ba ta san da ita ba. Tun Java 7 sabuntawa ta 4 aka samar da saitin da ke ƙayyade wannan lamba, har ma ana iya ba ta lamba ɗaya da ta rajista. Idan ka ci karo da tsohon bayani da ke cewa ka sauke `catalina-jmx-remote.jar` ka sa JmxRemoteLifecycleListener, ka wuce shi. Maganin wancan zamanin ne, kuma an cire shi daga Tomcat 10.

Abin da za ka tanada

A laftof ɗinka kana buƙatar cikakken JDK, wato kunshin Java na masu rubuta manhaja, domin `jconsole` yana cikin foldarsa ta `bin`. JRE kaɗai, kunshin da ke gudanar da manhaja kawai, ba ya zuwa da shi, haka ma kunshin Linux masu ɗauke da kalmar headless a sunansu. A uwar garke kana buƙatar shiga ta SSH da ikon `sudo`. Misalan da ke ƙasa sun ɗauka Tomcat yana `/opt/tomcat` kuma asusun da ke gudanar da shi sunansa `tomcat`. Idan naka ta `apt` aka girka shi, foldojin sun bambanta, sai ka daidaita. Ka kuma nemi lokacin da za a iya sake tayar da Tomcat ba tare da an katse wa mutane aiki ba.

Mataki na farko: wa zai shiga, kuma me zai iya taɓawa

Fayiloli biyu ne. Na farko yana faɗin matsayin kowane suna, `/opt/tomcat/conf/jmxremote.access`:

```
maiduba   readonly
maigyara  readwrite
```

Na biyu yana riƙe da kalmomin sirri, `/opt/tomcat/conf/jmxremote.password`:

```
maiduba   sa-doguwar-kalma-a-nan
maigyara  sa-wata-daban-a-nan
```

Kada sarari ya shiga cikin suna ko cikin kalmar sirri. Daga nan ka mallaka wa asusun Tomcat fayilolin, ka rufe su daga idon kowa:

```
sudo chown tomcat:tomcat /opt/tomcat/conf/jmxremote.*
sudo chmod 600 /opt/tomcat/conf/jmxremote.*
```

Wannan ba shawara ba ce. Idan wani asusu daban zai iya karanta fayil ɗin kalmomin sirri, Java ba zai tashi ba sam, zai rubuta `Password file read access must be restricted` ya mutu, kuma manhajarka za ta mutu tare da shi. Saboda haka kada ka yi wannan gyara ka tafi gida ba ka ga Tomcat ya tashi ba.

Daga Java 10 zuwa sama, idan ka dawo ka buɗe fayil ɗin bayan an yi amfani da shi, za ka iya tarar da kalmominka sun koma dogayen haruffa marasa ma'ana. Ba kutse aka yi maka ba. Java ne ke maye gurbinsu da sigar da ba a iya juyawa, muddin yana da ikon rubutu a fayil ɗin. Idan za ka canza kalma, goge layin ka rubuta sabuwa a fili, zai sake ɓoye ta.

Mataki na biyu: setenv.sh

Buɗe `/opt/tomcat/bin/setenv.sh`. Idan babu shi ka ƙirƙire shi, `catalina.sh` yana neman sa da kansa duk lokacin tashi. Kada ka yi gyara a cikin `catalina.sh`, domin ranar da aka sabunta Tomcat gyaran zai tafi.

```
CATALINA_OPTS="$CATALINA_OPTS \
 -Dcom.sun.management.jmxremote.port=9010 \
 -Dcom.sun.management.jmxremote.rmi.port=9010 \
 -Dcom.sun.management.jmxremote.host=127.0.0.1 \
 -Djava.rmi.server.hostname=127.0.0.1 \
 -Dcom.sun.management.jmxremote.authenticate=true \
 -Dcom.sun.management.jmxremote.password.file=/opt/tomcat/conf/jmxremote.password \
 -Dcom.sun.management.jmxremote.access.file=/opt/tomcat/conf/jmxremote.access \
 -Dcom.sun.management.jmxremote.ssl=false"
```

Layuka biyun farko sun haɗe sallama biyun nan a ƙofa ɗaya. Na uku ya ce Java ya saurara a cikin injin kawai, kada ya amsa wa kowa daga waje. Wannan saiti ya shigo ne a Java 8 sabuntawa ta 102, wanda ya girme shi ba zai kula da shi ba, sai dai katangar tsaro ta yi aikin. Na huɗu shi ne adireshin da za a rubuta a bayanin da rajista ke miƙawa. Mutane na yawan rikita na uku da na huɗu. Ɗaya yana faɗin inda Java ke saurare, ɗayan yana faɗin abin da Java zai gaya wa baƙo. Ba abu ɗaya ba ne, kuma canza ɗaya ba ya canza ɗayan.

Za ka ce, ba yanzu aka gama cewa adireshin cikin gida ne ke ɓata lamarin ba, ya kuma aka rubuta 127.0.0.1 da gangan? Haka ne, kuma dabarar ke nan. A mataki na gaba za mu sa ƙofa 9010 ta laftof ɗinka ta zama bakin bututun da ke ɓullewa a uwar garke. Idan JConsole ya juya ya nufi gida, zai faɗa cikin bututun ya isa inda ake so.

A lura da sunan da aka yi amfani da shi: CATALINA_OPTS, ba JAVA_OPTS ba. Tomcat yana amfani da JAVA_OPTS wajen tashi da wajen tsayawa duka. Idan ka zuba saitin a can, `shutdown.sh` zai tayar da ƙaramin Java na biyu, shi ma ya nemi kama 9010, ya tarar an riga shi, ya faɗi da `Port already in use`, Tomcat kuma ya ƙi tsayawa.

Sake tayar da Tomcat, sannan ka tabbatar da idonka:

```
sudo systemctl restart tomcat
sudo ss -ltnp | grep java
```

Ya kamata ka ga 9010 ɗaure da 127.0.0.1, tare da 8080 na manhajar. Za ka iya ganin wata ƙofa mai babbar lamba da ba ka saita ba. Ta masu haɗawa daga cikin injin ce, ba ka buƙatar buɗe ta a katanga. Idan 9010 bai fito ba, duba ƙarshen `logs/catalina.out`, ko `journalctl -u tomcat`, galibi kuskuren rubutu ne a hanyar fayil ko matsalar izini.

Mataki na uku: bututun SSH

A laftof ɗinka:

```
ssh -N -L 9010:127.0.0.1:9010 sunanka@adireshin-uwar-garke
```

Tagar za ta yi shiru kamar ta maƙale. Haka ake so, `-N` na nufin kada a buɗe wurin buga umarni, a riƙe bututun kawai. Bar ta a buɗe. Windows 10 da 11 suna da wannan umarni na `ssh` a PowerShell, mai PuTTY kuma zai samu wurin a Connection, SSH, Tunnels.

Lambar hagu dole ta zama daidai da ta dama. A sauran ayyuka kana iya ɗaure 5000 na gida da 5432 na can, ba komai. A nan ba ya yiwuwa, domin bayanin da rajista ta miƙo yana cewa 9010, kuma JConsole zai nemi 9010 a laftof ɗinka ko da ta wace ƙofa ya shiga da farko. Wannan yana nufin idan kana kula da injina uku kuma kana son kallonsu lokaci ɗaya, kowanne ka ba shi lambarsa tun a `setenv.sh`: 9010, 9011, 9012.

Ni wannan hanya nake ba kowa shawara, ko da akwai wasu. Ba a buɗe sabuwar ƙofa ga intanet ba. SSH ya riga ya ɓoye duk abin da ke wucewa, shi ya sa muka iya kashe SSL, tsarin ɓoye saƙon da JMX zai yi amfani da shi, ba tare da fargaba ba. Sannan mai aiki da datar waya adireshinsa na IP ba ya zama wuri ɗaya, kuma galibi yana raba shi da ɗimbin mutane, don haka dokar katanga mai cewa a bar adireshi kaza kawai ba ta da amfani a gare shi. Idan layin na yawan yankewa, ƙara `-o ServerAliveInterval=30` domin bututun ya riƙa motsi.

Mataki na huɗu: haɗawa

Buga `jconsole`, zaɓi Remote Process, rubuta `127.0.0.1:9010`, sa suna da kalmar sirri. Cikakken adireshin, wanda wasu manhajojin sa ido ke nema, shi ne:

```
service:jmx:rmi:///jndi/rmi://127.0.0.1:9010/jmxrmi
```

Karkatattun layukan nan uku bayan `rmi:` na farko ba kuskure ba ne. JConsole zai fara gwada SSL, ya kasa, ya tambaye ka `Secure connection failed. Retry insecurely?` Tunda cikin bututu kake, danna Insecure connection.

Mai son VisualVM, wata manhajar sa ido mai kama da JConsole, zai sauke ta daban, domin tana zuwa cikin JDK ne har Java 8, daga 9 aka raba su. A can sai ka shiga File, Add JMX Connection, ka rubuta adireshi iri ɗaya, ka yi alama a Do not require SSL connection. Shafin MBeans, inda ake ganin ƙididdigar da JMX ke fitarwa ɗaya bayan ɗaya, ba ya zuwa da ita sai ka ƙara shi daga Tools, Plugins. Sampler yana aiki daga nesa kuma yana da amfani ƙwarai wajen gano inda lokaci ke tafiya. Visual GC kuwa ba ya bin JMX, jstatd yake buƙata, kada ka ɓata lokaci kana neman laifin saitinka.

Idan ya ƙi

Rufe JConsole ka sake buɗe shi da `jconsole -debug`. Zai fito da taga mai ɗauke da ainihin kuskuren, maimakon saƙon nan na Connection failed da ba ya faɗin komai.

Idan ka ga `Connection refused to host:` ka karanta adireshin da ya biyo baya da kyau. In ba shi ne wanda ka sa a `java.rmi.server.hostname` ba, saitinka bai kai ga Java ba. Duba da `ps -ef | grep jmxremote` ko layukan sun bayyana. Wani lokaci fayil ɗin systemd ne ke tayar da Java ta hanyar da ba ta bi ta `catalina.sh`. In kuwa adireshin daidai ne, to bututun ya mutu ko lambobinsa sun saɓa. Dogon jira da ke ƙarewa da `timed out` aikin katanga ne, ita ce ke haɗiye saƙo ba ta amsawa. `non-JRMP server at remote endpoint` na nufin ɓangare ɗaya na magana da SSL ɗayan ba ya yi, ko kuma ka nufi ƙofar da ba ta JMX ba, kamar 8080.

Akwai wanda ke zuwa bayan an riga an shiga: `Access denied! Invalid access level for requested MBeanServer operation`. Asusun `maiduba` yana karanta ƙididdiga ne kawai. Neman ganin inda wani zare ya tsaya, ko danna Detect Deadlock, ko Perform GC, duk JMX yana ɗaukarsu a matsayin aiwatar da umarni, sai da `maigyara`. Ka ba manhajojin da ke tattara ƙididdiga dare da rana asusun farko, ka riƙe na biyu a hannunka.

Docker

A cikin kwantena, 127.0.0.1 na kwantenar ne ita kaɗai, saƙon da Docker ya turo daga waje ba ya isa can. Don haka cire layin `jmxremote.host`, ka bar `java.rmi.server.hostname=127.0.0.1` yadda yake, ka mayar da ƙuntatawar wajen fitar da ƙofar: `-p 127.0.0.1:9010:9010`. Kada ka rubuta `-p 9010:9010` tsurarsa kana dogaro da ufw, manhajar saita katangar tsaro, domin Docker yana rubuta dokokinsa a iptables ta yadda suke tsallake na ufw. A Kubernetes, `kubectl port-forward` ne ke zama bututun, da sharaɗin nan dai na lamba ɗaya hagu da dama.

Idan dole sai an haɗa kai tsaye

Wani lokaci mai sa idon ba mutum ba ne, wata uwar garke ce a cikin ma'aikata, irin mai ɗauke da Zabbix, kuma bututun SSH bai dace ba. A nan sai ka sa ainihin adireshin injin a `jmxremote.host` da `java.rmi.server.hostname`, ka buɗe ƙofar ga inji ɗaya tak:

```
sudo ufw allow from 10.0.0.20 to any port 9010 proto tcp
```

Sannan ka kunna SSL, domin ba tare da shi ba kalmar sirri a fili take tafiya. Ƙirƙiri makulli da satifiket, ka fitar da satifiket ɗin, ka zuba shi a ma'ajiyar amincewa ta ɓangaren mai sa ido:

```
keytool -genkeypair -alias jmx -keyalg RSA -keysize 2048 -validity 365 \
  -dname "CN=10.0.0.15" -ext SAN=ip:10.0.0.15 \
  -keystore jmx.p12 -storetype PKCS12
keytool -exportcert -alias jmx -keystore jmx.p12 -file jmx.cer
keytool -importcert -alias jmx -file jmx.cer -keystore amintattu.p12 -storetype PKCS12
```

A `setenv.sh` mayar da `ssl` zuwa `true`, ka ƙara `-Dcom.sun.management.jmxremote.registry.ssl=true`. Ka kunna su tare, domin rajista da haɗi na biyu ba za su iya zama a ƙofa ɗaya ba idan ɗaya na da SSL ɗayan babu. Hanyar makullin da kalmarsa kuma kada ka rubuta su a layin umarni, inda duk mai buga `ps` zai gani, kuma inda za su shafi sauran haɗin SSL na manhajar. Zuba `javax.net.ssl.keyStore` da `javax.net.ssl.keyStorePassword` a wani fayil mai izinin 600, ka nuna shi da `-Dcom.sun.management.jmxremote.ssl.config.file`. JConsole kuma a tayar da shi haka:

```
jconsole -J-Djavax.net.ssl.trustStore=amintattu.p12 -J-Djavax.net.ssl.trustStorePassword=kalmarka
```

Ka rubuta ranar da kwana 365 ɗin za su cika a inda za ka gani.

Abin da ba za ka yi ba ko na minti biyar shi ne `authenticate=false` a ƙofar da ake iya kaiwa daga waje. Misalai da yawa a intanet haka suke rubuta shi don sauƙi. JMX marar kalmar sirri ba kallo kawai yake bayarwa ba, an daɗe da sanin hanyoyin sa Java ya gudanar da lambar maharin ta cikinsa, har Metasploit, manhajar gwajin kutse, na da kayan aiki na musamman don haka. Duk abin da asusun `tomcat` zai iya karantawa, har da kalmar sirrin ma'ajiyar bayanai, ya zama na wanda ya shigo.

WildFly daban yake

Wanda ke kan WildFly ko JBoss EAP maimakon Tomcat ya ajiye duk saitin `com.sun.management`. WildFly yana fitar da JMX ta ƙofarsa ta gudanarwa, 9990, da nasa tsarin sadarwa, sallama ɗaya ce kuma babu rigimar adireshi. Ƙirƙiri asusun gudanarwa da `bin/add-user.sh`, ka buɗe bututu zuwa 9990, ka haɗa da:

```
service:jmx:remote+http://127.0.0.1:9990
```

JConsole na yau da kullum bai san wannan tsari ba. Sauke WildFly mai siga ɗaya da na uwar garke a laftof ɗinka, ka tayar da `bin/jconsole.sh` na cikinsa, shi zai ɗora ɗakin karatun da ake buƙata. Ga VisualVM, ƙara `--cp:a` da hanyar `bin/client/jboss-cli-client.jar`. Tsohon JBoss AS 7 yana amfani da `remoting-jmx` a ƙofa 9999, WildFly 8 na 2014 kuma `http-remoting-jmx` a 9990. Rikita waɗannan sunaye shi ne abin da ya fi hana mutane shiga.

Ka shiga, sai me?

Fara da shafin Memory. Zanen zai riƙa hawa yana faɗowa kamar haƙoran zarto, kuma hakan lafiya ce: manhaja na tara abubuwa, mai kwashe shara na zuwa ya share. Tsinin sama ba shi ne abin kallo ba. Kalli inda layin ke sauka bayan kowace shara, musamman a G1 Old Gen, sashen rumbun da ke riƙe abubuwan da suka daɗe, tunda G1 ne mai kwashe sharar da Java ke zaɓa a yawancin injina tun siga ta 9. Idan wurin saukar yana ƙara hawa awa bayan awa ba ya dawowa, wani abu na riƙe da ajiya ba ya saki. Leƙa VM Summary ka ga iyakar rumbun. Idan ba a sa `-Xmx` ba, Java kan ɗauki kashi ɗaya cikin huɗu na RAM ɗin injin kawai, kuma sau da yawa mutum na da inji mai gigabait 16 alhali manhajarsa na shaƙewa a cikin 4.

Daga nan shafin MBeans, ƙarƙashin Catalina, ThreadPool, `http-nio-8080`. Kwatanta `currentThreadsBusy` da `maxThreads`, wanda Tomcat ke sa wa 200 idan ba a canza ba. Idan na farko ya manne da na biyu alhali firosesa na hutawa, zaruruwan jira suke yi, ba aiki ba. Kada ka yi saurin ƙara adadinsu. Koma shafin Threads ka danna kaɗan daga masu suna `http-nio-8080-exec`, ka ga layin da suka tsaya. In duk suna jiran samun haɗi da ma'ajiyar bayanai, matsalar tana can, kuma ƙarin zaruruwa ƙarin masu layi ne kawai. GlobalRequestProcessor yana ba da `requestCount` da `errorCount` da `processingTime`. Jimilla ce tun daga tashin Tomcat, don haka sai ka ɗauki lamba sau biyu ka cire kafin ta yi ma'ana. Danna lamba sau biyu a shafin yana mayar da ita zane.

Maɓallin Perform GC yana da jan hankali, amma yana tsayar da manhajar har ya gama, kuma ba ya gyara komai. Haka `dumpHeap` da ke ƙarƙashin `com.sun.management`, HotSpotDiagnostic: yana tsayar da aiki, yana rubuta fayil ɗin a faifan uwar garke ba a laftof ɗinka ba, girmansa na iya kusantar girman abin da ke rumbun, kuma duk bayanan da ke hannun manhajar a lokacin suna ciki. In ta asibiti ce, bayanan marasa lafiya ne. Duba sararin faifai kafin ka danna, ka goge fayil ɗin idan ka gama bincikensa da Eclipse MAT, manhajar nazarin irin wannan fayil.

JConsole yana sabunta zanensa duk daƙiƙa 4, kuma tarihin a laftof ɗinka yake zaune. Aka ɗauke wuta batir ya ƙare, ko ka rufe tagar, ya tafi. Don bincike na awa ɗaya ko biyu ya wadatar. Idan kana son sanin abin da ya faru da ƙarfe uku na dare, sai ka ɗora JMX Exporter na Prometheus, manhajar tattara ƙididdiga, a cikin Tomcat, ya riƙa miƙa waɗannan ƙididdiga ta HTTP ana adana su.

Wanda ba ya son ƙofar ta zauna a buɗe kullum zai iya kunna ta lokacin buƙata kawai, ba tare da sake tayar da Tomcat ba, muddin akwai JDK a uwar garke:

```
sudo -u tomcat jcmd LAMBAR_AIKI ManagementAgent.start \
  jmxremote.port=9010 jmxremote.rmi.port=9010 jmxremote.host=127.0.0.1 \
  jmxremote.ssl=false jmxremote.authenticate=true \
  jmxremote.password.file=/opt/tomcat/conf/jmxremote.password \
  jmxremote.access.file=/opt/tomcat/conf/jmxremote.access
```

Lambar aikin za ka same ta da `pgrep -f catalina`. Abu ɗaya da `jcmd` ba ya karɓa shi ne `java.rmi.server.hostname`, don haka wannan layi kaɗai ka bar shi a `setenv.sh` tun ranar girkawa, in dai manhajarka ba ta amfani da RMI don wani aikin daban. Idan ka gama dubawa, `jcmd LAMBAR_AIKI ManagementAgent.stop` zai rufe ƙofar, sai ka sake buga `ss -ltnp` ka tabbatar 9010 ta ɓace daga jerin.